Sokawen gida a kwangilolin gwamnati a arewacin Kamaru

Sokawe gini ne da ake binnewa a ƙasa domin ya karɓi najasa da ruwan bayan gida, ya tsare su har su ruɓe, sannan ya saki ruwan da ya ɗan tace ƙasa ta shanye. Magina a Garwa da Marwa da Ngaundere sun fi kiran sa da sunan Faransanci, fos septik, ko fos kawai. A jihohi uku na arewacin Kamaru, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, babu garin da bututun kwashe najasa ya game unguwanninsa, don haka duk gidan da aka sa wa masai na ruwa sai ya tanadi inda ƙazantar za ta je a cikin filinsa. Yawancin jama'a shadda suke haƙawa, in ta cika a rufe a haƙa wata. Sokawe kuwa an fi ganin sa a gidajen masu hali da gine-ginen da hukuma ta ba da kwangilarsu, irin su gidajen malamai, gidan shugaban asibitin ƙauye, gidajen ma'aikata da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi.

Asali

Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ake jingina wa ƙirƙirarsa. Ya gina na farko a gidansa a garin Vesoul wajejen 1860, ya yi masa rajista a 1881. A 1895 Donald Cameron ya yi rajistar irinsa a Exeter ta Ingila. Zanen da ake aiki da shi a Kamaru a yau daga ƙa'idojin ginin Faransa ya samo tushe, ana rubuta ma'auninsa da mita da santimita.

Yadda yake aiki

Kashi biyu ne: tanki da rijiyar tsotsewa. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya, alhali aikinsu kishiyar juna ne. Tanki ba a so ya yi yoyo ko kaɗan. Rijiyar kuwa yoyon shi ne amfaninta.

Tankin yakan kasance ɗaki biyu, wani lokaci uku. Na farko yana ɗaukar kashi biyu bisa uku na girman, a nan abu mai nauyi yake kwantawa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama. Ƙwayoyin halitta da ba sa bukatar iska suna cin lakar a hankali, suna rage ta, suna fitar da iskar gas. Ruwan tsakiya ne kaɗai yake ratsa kafar bangon ya shiga ɗaki na biyu. Ana so ruwa ya yi kamar kwana biyu a ciki kafin ya fita, zurfinsa kuma kada ya gaza mita 1. Bututun shiga yana ɗara na fita tsayi da 'yan santimita, kowanne da goshi mai kan T wanda yake hana kumfar bin ruwa. Sai bututun iska da ake ɗagawa sama da rufin ɗaki.

Ruwan da ya fito daga tanki ba mai tsabta ba ne. Kusan rabin daskararren abin da ya shiga ne yake tsayawa, ƙwayoyin cuta kuwa da yawansu suna wucewa. Ƙasar da ke kewaye da rijiyar tsotsewa ita take ƙarasa tacewar. Wannan ne ya sa ake son tazarar mita 30 ko fiye tsakaninta da rijiyar sha, kuma gindinta ya tsaya aƙalla mita 1.5 zuwa 2 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa a tsakiyar damina.

Ƙa'idar Faransa ta ba gida mai manyan ɗakuna biyar tankin lita 3,000, a ƙara lita 1,000 kan kowane ƙarin ɗaki. Lissafin ɗakuna ba ya kama gidajen arewa sosai. Gida mai ɗaki uku yana iya ɗaukar mutum goma sha, ga baƙi, ga 'ya'yan 'yan uwa da suka zo karatu daga ƙauye, kuma kowa da buta yake shiga. Ƙidayar kawuna ta fi aminci.

Ƙasar da za a haƙa

Babbar matsalar sokawen kwangila tana nan: zane ɗaya ake bugawa a takarda, ƙasar kuwa ba ɗaya ba ce.

A tudun Ngaundere jar ƙasa ce mai zurfi, tana shan ruwa daidai gwargwado, amma ruwan sama yana kai kimanin milimita 1,500 a shekara, sai an kare murfin daga kwararar ruwa. A Garwa akwai dutsen yashi wanda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi. Hakan daɗi ne ga mai gini, haɗari ne ga mai sha, domin ruwan ƙasan da rijiyoyin gari suke ɗiba a cikinsa yake kwance, kuma a unguwannin da ke gangaren Binuwai ruwan yana matsowa kusa da damina. Wajen Mokolo da duwatsun Mandara, mai haƙa yakan ci karo da fa tun bai yi nisa ba, sai ko a fasa dutse ko a ɗaga ginin sama.

Mafi wuya ita ce baƙar laka da Fulani ke kira karal, wadda ake shuka masakwa a kanta bayan damina a filayen Diamare da kwarin Logon. Da rani tana tsagewa har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta toshe. Rijiyar tsotsewa a cikinta ba ta shan komai, cika take yi ta amayar. Kumburin da motsewar kuma suna matsa bangon tanki shekara bayan shekara har ya tsage. A Yagwa da Kusuri an haɗa biyu, ga laka ga ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 da 2024. Tankin da aka yashe ƙaf a irin wannan wuri lokacin da ruwan ƙasa ya cika yana iya ɗagowa ko ya karkace. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne bangon kankare mai rodi, a zagaye shi da yashi, a ɗaga bakinsa sama da iyakar ambaliya, sannan a maye gurbin rijiyar da dogayen ramuka marasa zurfi cike da tsakuwa, ko tudun yashi da ruwan zai ratsa.

Gwajin da ke bayyana duk wannan bai da tsada. Ana haƙa ɗan rami, a jiƙa shi sosai, a zuba ruwa a auna saurin saukarsa. Abin takaici ne a ce aikin miliyoyi ya lalace don an tsallake gwajin yini ɗaya, musamman a yankin da annobar kwalara ta 2010 ta fi yi wa ɓarna.

Tsarin kwangila

Dokar da ke tafiyar da kwangilolin gwamnati a Kamaru ita ce mai lamba 2018/366 ta 20 ga Yuni 2018. Hukumar ARMP, wadda aka kafa a 2001, ita ke sa ido kan bin ƙa'ida, ma'aikatar kwangiloli ta MINMAP kuma an ƙirƙiro ta a 2011. Aikin da bai kai sefa miliyan 5 ba da takardar oda ake ba da shi. Daga miliyan 5 zuwa ƙasa da 50 ƙaramar kwangila ce, daga nan zuwa sama babba. A ayyukan ƙananan hukumomi magajin gari shi ne mai ba da aikin, kuɗin kuma yakan fito daga kasafin zuba jari na gwamnati ko daga FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi. Injiniyan da ke duba aikin yawanci wakilin wata ma'aikatar fasaha ne a gundumar.

Da wuya a ba da kwangilar sokawe shi kaɗai. Layi ɗaya ne a cikin jerin farashin gidan baki ɗaya, ƙarƙashin aikin famfo, sau da yawa da dunƙulallen farashi da adadin mutanen da zai ɗauka. Illar wannan a fili take. Idan takarda ba ta faɗi tsawo da faɗi da zurfi da kaurin rodi ba, ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya ci takara ya san inda zai mayar da asararsa. Fenti da ƙofa kowa yana gani, abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa sai wanda ya zo kafin a rufe.

Dokar ta tanadi wasu matakan kariya. Ɗan kwangila yana iya karɓar kuɗin somawa har kashi 20 cikin 100, amma sai da lamunin banki. Yana ajiye jinginar kammala aiki ta kashi 2 zuwa 5, ana kuma iya riƙe har kashi 10 na kuɗinsa zuwa ƙarshen wa'adin garanti. Jinkiri yana da tara: ɗaya bisa 2,000 na kuɗin kwangilar kowace rana a kwana 30 na farko, bayan nan ɗaya bisa 1,000. 'Yan kwangila su ma suna da nasu kukan, wato jinkirin biya daga baitulmali, da takardar umarnin fara aiki da kan iso ana gab da saukar damina, lokacin da rami ke cika da ruwa kafin a zuba kankare.

Gini da dubawa

Bayan haƙa, ana shimfiɗa kankaren share fage mai siminti kilo 150 a kowace mita kubik, sannan gindi mai rodi da kilo 350. Bango ko dai kankare ne ko bulon santimita 20 da aka cika cikinsa. Ana yin shafe a ciki da siminti mai ƙarfi, a zagaye kusurwoyi. Bututun roba na milimita 100 yana gangarowa daga masai da saukar santimita 2 a kowace mita. Kowane ɗaki da murfinsa da za a iya ɗagawa. Simintin Figil ake samu a kusa, yashi kuma daga mayo, wato kogi, sai dai a tankaɗe shi don laka tana raunana kankare. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40, kankaren da ba a shayar da shi ruwa kwanaki a jere ba tsagewa yake yi tun kafin a yi amfani da shi.

Dubawar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta kafin a mayar da ƙasa. A ranar ake auna ciki da awo, a ga goshin bututu, a cika tanki da ruwa a bar shi awa 24 a duba ko ya sauka. Akwai wata muguwar dabara da ta yaɗu, ta barin gindin tanki ba kankare ko huda bangonsa wai don kada ya cika da wuri. Wanda ya yi haka ya mayar da sokawen shadda mai tsada, kuma najasa ɗanya yake aikawa cikin ruwan maƙwabta. Ya kamata sakamakon gwajin ya shiga littafin aiki da sa hannun injiniya. Kwamitin karɓar aiki na wucin gadi yakan zo bayan an share fili an yi fenti, ba abin da zai gani sai murfi. Karɓar ƙarshe tana zuwa bayan garanti, galibi shekara ɗaya, wato damina ɗaya tak, alhali wasu lahanin sai a ta biyu ko ta uku suke fitowa.

Kulawa da yasa

Sokawe yana bukatar a yashe shi duk bayan shekara 2 zuwa 5, ko da zarar laka ta doshi rabin zurfinsa. Leda da tsumma da ƙunzugun jarirai na zamani suna toshe shi. Yashi da tokar wanke tukunya suna cika shi da abin da ba ya ruɓewa, ruwan wanki mai yawan bilic kuma yana kashe ƙwayoyin da ke aikin. Ana barin 'yar laka a gindi bayan yasa don ruɓar ta ci gaba.

Kwangilar gini ba ta ɗaukar wannan nauyin. A gidan gwamnati ma'aikaci yana iya samun canjin wurin aiki kafin tanki ya cika, wanda ya gaje shi kuma bai san ma inda murfin yake ba, balle ranar yasar ƙarshe. Motocin zuƙa suna manyan garuruwa. A ƙauyuka masu yasa da bokiti da igiya ake kira, su ne kuma suke fuskantar iskar da ke taruwa a ciki, wadda ke iya sumar da mutum cikin 'yan daƙiƙu, ta kuma kama da wuta in an kusanto da ashana. Ba a shiga tanki sai an buɗe duka murafen ya sha iska, da igiya a ƙugu da mutum biyu a sama. Dokar ruwa mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998 ta hana zuba ƙazanta inda za ta gurɓata ruwan da ke saman ƙasa ko na ƙarƙashinta, dokar ƙananan hukumomi ta 2019 kuma ta sa tsabtar gari cikin ayyukan magajin gari. Duk da haka wuraren da aka gina musamman don karɓar lakar ba su wadata ba, mai yawa daga cikinta a bayan gari ake juyewa, a gonaki ko a gaɓar mayo, inda ruwan farko na damina yake kwashe ta.