Lauyan Marseille da kotun Nice: abin da dokar Faransa ta 2015 ta sauya

A Faransa, lauya na iya tsayawa gaban kusan kowace kotu a faɗin ƙasar ya yi magana da yawun wanda ya ɗauke shi. Amma shigar da takardun ƙara, da sa musu hannu, da karɓar saƙonnin magatakarda, wani aiki ne daban da Faransawa ke kira postulation. Dokar 31 ga Disamba 1971 ta ɗaure wannan aiki da yanki a shari'o'in da ba na laifi ba, inda doka ta wajabta ɗaukar lauya.

Kafin gyaran dokar da aka yi a 2015, lauya ba ya shigar da takarda sai a babbar kotun da yake da rajista a yankinta. A ce ɗan kasuwa a Marseille yana bin wani bashi, shari'ar kuma ta faɗa kotun Nice. Lauyansa ne ya san zancen ciki da waje, shi ya rubuta komai, amma dole ya nemi wani lauya a Nice ya miƙa takardun da sunansa. Ɗan kasuwar nan zai biya mutum biyu ke nan. Lauyoyin Paris, Bobigny, Créteil da Nanterre kuwa sun daɗe da samun sassauci, suna shigar da takardu a kotunan juna.

Dokar 6 ga Agusta 2015, wadda ake kira dokar Macron domin Emmanuel Macron ne ministan tattalin arziki a lokacin, ta faɗaɗa damar. Daga 1 ga Agusta 2016, lauya na iya shigar da takardu a duk manyan kotunan da ke ƙarƙashin kotun ɗaukaka ƙara ɗaya da tasa. Marseille, Toulon da Nice duk suna ƙarƙashin ta Aix-en-Provence, don haka lauyan ɗan kasuwar ya wadatar. A ganina gyaran ya dace, tunda takardun ma yanzu ta intanet ake tura su, ba a hannu ake kai su ba.

Sai dai akwai inda damar ba ta kai ba. Idan shari'ar ta shafi ƙwace gida ko fili a yi gwanjonsa saboda bashi, ko raba dukiyar da aka yi tarayya a kanta kamar gado, ko kuma gwamnati ce ke biyan lauyan saboda wanda ya ɗauke shi ba shi da hali, tsohuwar iyaka na nan daram. Haka ma idan ƙarar ta koma Lyon, wadda ke da tata kotun ɗaukaka ƙara: lauyan Marseille zai je ya yi magana, amma takardunsa sai ta hannun lauyan can.