Samfuri: kalma ɗaya, kaya huɗu

Tun zamanin korona kalmar "samfuri" ta samu gindin zama a bakin 'yan jarida, har yau ba ta huta ba. An ɗauki samfurin majina an kai ɗakin gwaji, sabon samfurin cutar ya ɓulla, dillali ya shigo da sabon samfurin mota, gwamna ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe samfurin gadar sama da shi. Kwanan baya kuma na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana ta murna, wai wani matashi "ya ƙirƙiro samfurin jirgin ƙasa", har yana roƙon gwamnati ta ba shi jari ya fara ƙera na ɗaukar fasinja. Na nemi bidiyon na kalla. Yaron yana da hannu, wannan babu ja. Amma abin da ya yi daban, abin da mai rediyon ya sa jama'a suka ɗauka daban, kuma wannan ne yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Kalmar aro ce, daga sample ta Turanci, harshenmu ya murɗa ta yadda ya saba. Ma'anarta ta asali tana nan da ranta a Kantin Kwari, inda mace za ta kwance bakin gyale ta fito da ɗan ƙyalle ta ce, "Alhaji, irin wannan nake nema." Abin da ke hannunta yanki ne da aka gutsuro daga jikin ainihin yadin. Jinin da ake ɗiba a asibiti ma haka yake. Ma'ana ta biyu, wato nau'i ko iri, ba ta cutar da kowa. Rikicin yana cikin sauran biyun.

Akwai abin da injiniya yake fara ƙerawa don gwaji kafin masana'anta ta kama aiki, wanda yake yin duk aikin da ake so na gaskiyar ya yi. Akwai kuma ƙaramin kwafin abin da ya riga ya wanzu, ko wanda aka riga aka zana. Na gwaji yana zuwa ne kafin abu, kwafi yana bin bayansa. Mu duka biyun samfuri muke ce musu, shi ya sa idan yaro ya yi kwafi sai a yi masa kirarin mai ƙirƙira, a ɗora masa nauyin da ba nasa ba, a kuma manta da sana'ar da take tasa, wadda take da nata ƙa'idoji masu tsauri.

Babbar ƙa'idar ita ce sikeli. Ba sikelin mahauta ko na awon gyaɗa nake nufi ba, na taswira nake nufi, wanda ake rubutawa 1:50,000 a gefen takarda. Ko a Turanci ma kalmomi biyu ne suka zo suka yi kama: ta awon nauyi ta fito daga wata tsohuwar kalmar mutanen arewacin Turai mai nufin kwano, ta taswira kuwa daga kalmar Latin mai nufin tsani. Mun aro su a dunƙule. Sikelin da ya shafe mu a nan alkawari ne: kowane tsawo da ke jikin ainihin abu an raba shi da lamba ɗaya tak, daga tushe har rufi, ba a yi wa ko da ƙusa alfarma ba.

Ban san inda ake riƙe wannan alkawari da gaske kamar wurin masu jiragen ƙasa na lambu ba. A 1968 kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg a Jamus ya fito da jiragen wasa da ya kira LGB, manya, masu jure ruwa da rana, waɗanda ake shimfiɗa wa layi a bayan gida cikin ciyawa da furanni. Tazarar ƙarafan layin milimita 45 ce, sikelin kuma 1:22.5. Wannan shi ake kira babban sikeli, kuma nan ma mutane suna tuntuɓe, don suna zaton babbar lamba ita ce babban sikeli. Akasin haka ne. Jiragen teburi da suka fi yawa a duniya 1:87 ne, an raba su da lamba mai yawa sun ƙanƙance. Irinsu ne a Miniatur Wunderland, wani gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa a birnin Hamburg na Jamus, wanda aka buɗe a 2001, inda har ƙananan motocin kashe gobara suke fitowa da jiniya su nufi inda hayaƙi yake tashi.

To, ɗauki mutumin da ya shimfiɗa layinsa a lambu, ya yi tasha, ya yi gidaje, yanzu yana son ofishin 'yan kwana-kwana. Zai iya sayen na kanti da aka riga aka yanka, ya manna kawai. Amma waɗanda suka yi nisa ba sa yarda, daga tushe suke ginawa, da allon roba da katako da gam da wuƙa. Abu na farko da zai ɗauka shi ne tef da biro. Ginin gaskiya tsawonsa mita 18 ne? Nasa santimita 80. Babbar ƙofar da mota ke fita mita 4.5 ce? Tasa santimita 20. Hasumiyar da ake rataye mesa ta bushe bayan an dawo daga gobara, in ta kai mita 13.5, tasa santimita 60. Ɗan kwana-kwanan da zai tsayar a bakin ƙofa, mai mita 1.8, zai zama santimita 8, kusan tsawon yatsa.

Inda abin yake burge ni shi ne ƙananan wurare. Da a ce da bulonmu mai inci 9 aka yi ginin, wanda tsawonsa milimita 450 ne tsayinsa 225, to kowane bulo zai dawo santimita 2 a tsawo, 1 a tsayi. Haka mutumin zai zauna da rula da tsinin ƙarfe yana tsaga layin siminti a jikin allon, sahu bayan sahu, yana gocar da mahaɗar kowane sahu daga na ƙasansa kamar yadda birkila yake yi, bango huɗu da hasumiya. Kwanon rufi kuwa, da yawa gwangwanin lemo suke yankewa su baje shi, su bi da shi ta cikin wani ɗan abin matsa takarda mai haƙora, ya fito da kwarin kwano. Ko wannan kwarin sai an duba faɗinsa, don in ya yi girma rufin zai tona asirin ginin gaba ɗaya. Sannan ga shi a waje zai kwana, don haka gam ɗin sai wanda ruwa ba ya ci, fenti sai na waje, a ɗora ginin a kan daɓen siminti kada laima ta hau shi. Wata da watanni ake yi a kan gini ɗaya.

Sai ga wani tarko, kuma shi ne ya fi nuna cewa ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba. Layin milimita 45 ɗin nan ba sikeli ɗaya yake ɗauka ba. Lehmann sun kwaikwayi jiragen da faɗin layinsu mita 1 ne, ka raba 1,000 da 45 ka samu 22 da ɗoriya. Wanda yake kwaikwayon layi mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, nasa 1:32 ne. Amurkawa masu son tsofaffin layukansu na ƙafa 3 suna aiki da 1:20.3. Tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911, mai milimita 1,067, zai faɗa kusa da 1:24. Duk za su hau ƙarfe ɗaya su yi gudu. Amma ka gina ofishin kwana-kwana a 1:32, ƙofar mutane mai mita 2.1 ta dawo santimita 6.6, sannan ka tsayar da mutuminka mai santimita 8 a gabanta: kansa ya wuce linta. Ko yaro ya kalla zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗar mene ne ba.

Lissafin kuma ba a tsawo ya tsaya ba. In tsawo ya ragu sau 22.5, fili yana raguwa sau 500 da ɗoriya, ciki kuwa sau fiye da 11,000. Tankin motar kashe gobara mai lita 4,500, in aka mayar da shi wannan sikeli, ruwan da zai ci bai kai ledar fiya wata ɗaya ba. Ruwan kansa kuma ba ya ƙanƙancewa, ɗigonsa yana nan yadda Allah ya yi shi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin jirgi da ya yi gudu a tsakar gida ba hujja ba ne cewa babbansa zai yi. Nauyi da ƙarfin ƙarfe da zafin inji ba sa bin rula yadda tsawo yake bi, kuma mai rediyon nan da ya san haka da bai yi wa yaron alkawarin fasinja ba.

Na taɓa tsayawa a gaban wani samfurin kasuwa da aka saka a akwatin gilashi ranar aza harsashi. An yi masa fitilu, an dasa itatuwan roba, jama'a suna ta ɗaukar hoto. Na sunkuya na duba, sai na ga motocin da aka jera a harabar sun fi ƙofofin shaguna tsayi, babu kuma inda aka rubuta sikeli a jikin akwatin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin amfanin irin wannan samfuri shi ne ɗan kasuwa ya auna ya san faɗin shagonsa, ya san ko motar kwana-kwana za ta iya ratsa layin in wuta ta tashi, mu da muka san abin da gobarar kasuwa take yi mana. Wanda ba shi da sikeli ado ne kawai, bai kamata a kira shi da sunan da zai sa mutane su dogara da shi ba.

Mu da muka taso muna yin motar kara da ta langa-langa mun san daɗin wannan aiki, mun san yadda ake fafe ɓargon kara a soka tsinke a yi taya. Hannun yana nan, abin da ba a ba mu ba shi ne lambar rabawa. Da zan haɗu da yaron nan, tef zan miƙa masa in ce, "Ɗana, je tashar jirgi ka nemi izini ka auna tsohon tarago, tsawonsa da tsayinsa da ƙofa da taga da taya, ka rubuta. Ka dawo ka raba kowanne da 24, sannan ka ɗauki almakashi."