Albashi, fansho da gidan yari: me majalisa take muhawara a kai, kuma wa abin yake shafa?

Duk zangon majalisa sai batutuwa uku sun dawo zauren Majalisar Dattawa da ta Wakilai a Abuja: haƙƙin ma'aikaci, halin da tsofaffi suke ciki, da yadda ake yi wa mutane shari'a. Mutane da yawa suna ɗaukarsu a matsayin abubuwa daban-daban. Ni a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin sau da yawa mutum ɗaya ne yake bi ta cikinsu, daga ƙuruciya zuwa tsufa.

Shin ba an riga an gama maganar mafi ƙarancin albashi ba?

A takarda an gama. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rayuwa ta yi tsada, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka fara da neman naira 615,000 a wata, suka sauko har zuwa 250,000. A ranar 3 ga Yunin 2024 suka tsunduma yajin aikin da ya kashe wutar lantarki a faɗin ƙasa ya kuma tsayar da jirage. Daga ƙarshe aka tsaya a kan naira 70,000, maimakon 30,000 da aka sa a 2019. Majalisun biyu suka amince da ƙudirin a rana guda, Shugaba Tinubu ya sa hannu a ranar 29 ga Yulin 2024. Wani gyara mai muhimmanci da aka yi shi ne, za a riƙa sake duba albashin duk shekara uku, ba biyar ba.

Sai dai a lokacin da ake sa hannun, buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan kuɗin a kasuwanni da dama. Magidanci mai 'ya'ya biyar ya san abin da hakan ke nufi ba sai an faɗa masa ba.

To ina gardamar take?

Tana kan wanda ke da ikon yanke albashin. Kundin tsarin mulki ya sa mafi ƙarancin albashi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka. A 2021 ɗan majalisar wakilai daga Kaduna, Garba Datti Muhammad, ya kawo ƙudirin da zai ba jihohi damar yanke nasu. Hujjarsa ita ce aljihun jihohi ba ɗaya ba ne: abin da Legas ko Ribas za su iya biya, wata jihar ba za ta iya ba. 'Yan ƙwadago suka ce atafau, suka yi tattaki zuwa harabar majalisar a watan Maris na shekarar, ƙudirin bai zama doka ba.

Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ina tare da 'yan ƙwadago a nan. Ko da dokar tarayya ta tilasta, an ga jihohin da suka yi shekaru suna jan ƙafa kafin su biya 30,000, musamman ga malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi. In an cire wannan tilas ɗin, me zai rage wa malamin ƙauye ya riƙe?

Wannan doka ta shafi kowane mai aiki?

Ko kusa. Dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin 'yan sa'o'i da ba na cikakken lokaci ba, da waɗanda ake biya da la'ada, da masu ƙwadagon gona na damina. Ka duba yaron shago a Kantin Kwari, wanda tun safe yake sauke dilar atamfa yana jerawa, sai magariba a miƙa masa na cefane. Ka duba maigadi, da mai aikin gida, da direban da ke kawo balas kullum. Babu ɗayansu da naira 70,000 ɗin nan ta san da zamansa, alhali su ne mafi yawan masu neman abinci a ƙasar. Kusan duk zafin muhawarar a kan masu albashin gwamnati da manyan kamfanoni yake ƙarewa.

Me ya sa 'yan fansho ba su daina kuka ba, duk da gyare-gyaren da aka yi?

Kafin 2004 gwamnati ce ke biyan fansho kai tsaye daga kasafin kuɗi, bashi ya taru ya yi mata katutu. Sai aka kawo tsarin adashen gata a ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, aka sake gyara dokar a 2014: ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunansa. Wannan ya rage satar kuɗin, amma ya haifi wani kukan. In mutum ya ajiye aiki, wani kaso kawai ake ba shi a dunƙule, sauran a riƙa tsakura masa wata-wata, hauhawar farashi kuwa ta riga ta cinye darajar abin da ya tara. Shi ya sa aka sha kawo ƙudirorin ƙara abin da ake bayarwa a dunƙule, kuma tsofaffin 'yan sanda suka sha fitowa zanga-zanga suna neman a fitar da su daga tsarin kamar yadda aka fitar da sojoji. A 2023 ma'aikatan Majalisar Tarayya su ma an yi musu dokar da ta fitar da su. Wannan ya sa sauran ma'aikata tambaya: in tsarin yana da kyau, me ya sa na kusa da masu yin doka suka fice?

A jihohi abin ya fi ciwo. Wanda ya taɓa zuwa wurin tantance 'yan fansho ba zai manta ba: dattijo da sandarsa, fayil ɗin takardunsa cikin leda saboda kada ruwa ya taɓa, yana zaune a benci tun hantsi don ya tabbatar yana raye. Wasu shekaru suke yi suna jiran garatuti, har rai ya yi halinsa. Tsarin mulki ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma jihohi da yawa sun yi kunnen uwar shegu da wannan.

Tsohon da bai taɓa aikin gwamnati ba fa?

Shi 'ya'yansa ne fanshonsa, in suna da shi. An kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da dokar da aka sa wa hannu a farkon 2018, an kuma buɗe ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019. Jihar Ekiti ta taɓa ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata tun daga 2011. Amma babu wani alawus na ƙasa da kowane tsoho ke da haƙƙin karɓa saboda tsufansa kawai.

Yaya batun shari'a ya shigo ciki?

Ta ƙofar talauci. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawansu an ba da belinsu, amma babu mai tsaya musu, ko an ce su kawo ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko takardar fili. Wasu kuma tara ce ta gagare su. A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta sanar da sakin fursunoni sama da 4,000 bayan an tara kuɗi an biya musu tarar.

Dokokin kirki akwai su. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta taƙaita umarnin tsarewa na farko zuwa kwana 14, ta wajabta wa alƙalan majistare leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata, ta kuma sa iyaka ga ɗage shari'a. Dokar 2019 ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta kawo hukuncin aikin al'umma ga ƙananan laifuka, ta ba shugaban gidajen na jiha ikon ƙin karɓar sabbin fursunoni in wuri ya cika. A 2023 aka gyara tsarin mulki domin jihohi su iya gina nasu gidajen, tunda akasarin waɗanda ke tsare laifin karya dokar jiha ake tuhumarsu da shi, tarayya kuma ke ciyar da su.

Ashe ke nan ba sabbin dokoki ake buƙata ba?

Wasu ana buƙata, musamman ta shigar da ƙananan ma'aikata cikin kariya da ta tallafin tsofaffi. Amma aikin da majalisa ta fi sakaci da shi shi ne bibiya. Kwamitocinta suna da ikon gayyatar minista ko shugaban hukuma su tambaye shi majistare nawa suka kai ziyarar nan ta wata-wata, da ko an saki kuɗin da aka ware wa Hukumar Ba da Agajin Lauya. Garatutin malamin firamare kuwa, da sharuɗɗan beli a kotun unguwa, ba a Abuja suke ba, suna hannun majalisar dokokin jiha da babban jojin jiha. Ɗan majalisar jiharka yana da ikon tayar da maganar a zaure, kuma yawanci gidansa bai fi tafiyar ɗan sahu ba daga naka.