Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Daji

Ɗaukar hoton tsuntsayen daji reshe ne na ɗaukar hoton namun daji, inda ake ɗaukar tsuntsu a wurin da yake rayuwarsa, ba a keji ko a hannun mai kiwo ba. Akasarin masu yin sa a yau ba da shi suke ci ba, sha'awa ce ta kai su, kuma da yawansu daga kallon tsuntsaye da tabarau mai hangen nesa suka faro. Matsaloli biyu ne suka tsara kayan aikin da dabarunsa tun farko: tsuntsu ƙarami ne kuma ba ya yarda a matse shi, sannan motsinsa ya fi na yawancin dabbobi sauri.

Tarihi

Hanyoyin ɗaukar hoto da aka bayyana wa duniya a 1839 suna buƙatar abin da za a ɗauka ya tsaya cik na tsawon mintuna, abin da tsuntsu mai rai ba zai yi ba. Dabarar jiƙaƙƙen farantin gilashi da Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851 ta rage lokacin, amma dole a shafa wa farantin sinadari, a ɗauki hoton, a wanke shi tun bai bushe ba, wato mai hoto sai ya tafi daji da ɗakin duhunsa. Shi ya sa tsuntsayen da ake gani a hotunan wancan zamani yawanci matattu ne da aka cusa wa auduga, ko na keji. Busasshen faranti mai jelatin, wanda likitan Ingila Richard Leach Maddox ya bayyana a 1871 kuma aka fara sayar da shi a kasuwa wajen ƙarshen shekarun 1870, shi ya buɗe hanya.

Waɗanda suka fara cin moriyarsa ba masoya tsuntsu ba ne, masu son gane sirrin tashi sama ne. A Faransa, Étienne-Jules Marey ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga a 1882, wadda ake sa wa a kafaɗa a auna tsuntsu da ita, tana ɗaukar hoto 12 a sakan ɗaya a kan faranti mai juyawa. A 1884 Ottomar Anschütz, mutumin Lissa a Jamus ta lokacin (garin yanzu yana Folan, sunansa Leszno), ya ɗauki hotunan shamuwa tana sauka tana tashi daga sheƙarta, fikafikanta sun fito tangararan. Labulen kyamarar da ya ƙirƙira, wato murfin da ke barin haske ya shiga, yana buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Ana danganta waɗannan hotuna da nazarin da Otto Lilienthal ya yi kafin ya fara gwajin shawagi da fikafikan da ya haɗa da hannunsa a farkon shekarun 1890.

Matsalar sauri ke nan ta fara sauƙi. Ta nisa kuwa ta daɗe. Thomas Dallmeyer a Landan da Adolf Miethe a Jamus sun fito da gilashi mai jawo nesa kusa wajen 1891, sai dai na farkon ba sa shigar da haske sosai. Mafita ɗaya ce ta rage: a je inda tsuntsu zai dawo ko yana so ko ba ya so, wato sheƙarsa, a ɓuya kusa da ita.

'Yan'uwa biyu daga Yokshaya a arewacin Ingila, Richard da Cherry Kearton, su suka fi shahara a wannan. A 1892 suka ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a ciki, wanda ake yawan cewa shi ne irinsa na farko, ko da yake irin wannan da'awa tana da wuyar tabbatarwa. Littafinsu na 1895 a kan sheƙun tsuntsayen Birtaniya ana lissafa shi a matsayin littafin ilimin halittu na farko da aka ƙawata da hotunan kyamara zalla, babu zanen hannu. Maɓoyarsu ta zama abin labari. Sun yi kututturen itace na bogi, sun yi dutse na bogi, sun sa an cusa fatar tunkiya aka ɓoye kyamara a cikinta ana danna ta daga nesa da dogon tiyo na iska. Wajen 1900 kuma aka yi musu bijimin sa na bogi mai rami a ciki, mutum ya shiga ya duƙa, gilashin kyamara na leƙowa ta wata huda a ƙirji. An ruwaito cewa wata rana jiri ya ɗebi Richard a ciki, san ya kife da shi ƙafafu a sama, kuma da Cherry ya iso sai da ya ɗauki hoton abin kafin ya fito da ɗan'uwansa. Daga baya aka gane duk wannan wahala ba ta zama dole ba: ƙaramin tanti na yadi mara sheƙi, muddin ba ya kaɗawa, ya ishi yawancin tsuntsaye su manta da mutum.

A 1911 Emma Turner ta ɗauki hoton ɗan wani nau'in zalɓe mai ɓuya a ciyawar fadama a yankin Nofok, wanda ya zama shaidar cewa tsuntsun ya dawo hayayyafa a Birtaniya bayan an daina ganin sheƙarsa tun ƙarshen ƙarni na 19. A Amurka, hotunan William Finley da Herman Bohlman na tsuntsayen teku da na fadama a jihar Oregon suna cikin abin da ya sa Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe Three Arch Rocks a 1907, da Malheur a 1908, a matsayin wuraren kare tsuntsaye, a lokacin da ake karkashe farin zalɓe don ƙawata hulunan mata da gashinsa.

Eric Hosking (1909–1991) yana daga cikin na farko da suka riƙe iyali da hoton tsuntsu kaɗai. A 1937, a Wales, wata mujiya da yake ɗauka ta kai masa sura a fuska da dare, ya rasa idonsa na hagu. Yana warkewa ya koma kan aikin. Shi ya yaɗa amfani da fitilar walƙiya, ta ƙwan fitila mai ƙonewa sau ɗaya sannan ta lantarki a shekarun 1940, wadda da ita ya riƙa tsayar da tsuntsu a tsakiyar tashi, har a ga abin da mujiya ta riƙo a baki. Eliot Porter (1901–1990), Ba'amurke da ya bar aikin koyarwa a fannin likitanci, shi ya yi irin wannan da hoto mai launi.

Ƙaramar kyamara mai fim na milimita 35 ta zo da Leica a 1925, fim mai launi na Kodachrome a tsakiyar shekarun 1930, amma masu ɗaukar tsuntsu sun jima kafin su saki manyan kyamarorinsu. Sauyin da ya fi tasiri ya zo a makare: saitin gani na atomatik a Minolta 7000 a 1985, gilashi mai rage rawar hannu daga Canon a 1995, da Nikon D1 ta dijital a 1999. Da fim, kowane hoto 36 sai an canja nadi, kuma ba a sanin abin da aka samu sai an wanke. Dijital ya kawar da wannan, hoton tsuntsu a sama ya daina zama sa'a, sheƙa kuma ta daina zama dole.

Kayan aiki

Gilashin kyamara ya fi jikinta muhimmanci a wannan fanni. Ana auna ƙarfin jawowarsa da milimita, kuma an saba ɗaukar 400 a matsayin mafi ƙaranci mai amfani ga ƙananan tsuntsaye. Ƙwararru sukan riƙe 500 ko 600 mai faɗin f/4 (ma'aunin kafar haske, ƙaramar lamba na nufin kafa mai faɗi), kuma nauyin na 600 ya sauko daga sama da kilo 5 a ƙarshen shekarun 1990 zuwa kusan kilo 3. 'Yan sha'awa sun fi karkata ga mai zum, wato wanda ake iya canja ƙarfin jawowarsa, na 100–400 ko na 150–600 wanda kamfanonin Tamron da Sigma suka yaɗa a tsakiyar shekarun 2010. Akwai ƙaramin gilashi da ake sa wa tsakanin jiki da babban gilashi don ƙara jawowa: mai ninki 1.4 yana cinye rabin hasken, mai ninki 2 yana barin kashi ɗaya cikin huɗu.

Girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske, yana canja lissafin. Cikakkiya tana da milimita 36 da 24. Ta APS-C ta fi ƙanƙanta, tana yanke gefen hoton ta yadda gilashin 400 zai yi kamar 600 (ko 640 a Canon), ta Micro Four Thirds kuma tana ninka shi biyu. Ƙaramar sensa tana rage nauyi da tsada, babba ta fi jure ƙarancin haske. Kyamarori masu gilashi a manne, irin Nikon P900 ta 2015 da ke kaiwa kwatankwacin milimita 2000, sun wadatar wajen tabbatar da wane tsuntsu aka gani, amma sukan gaza idan yana tashi. Haɗa ƙaramar kyamara ko waya da madubin hangen nesa dabara ce da ake danganta farkonta da Laurence Poh na Malesiya a 1999.

Kyamarori marasa madubin ciki sun fara da Panasonic G1 a 2008, kuma tun wajen 2020 da yawansu suna gane tsuntsu da kansu su bi idonsa. Suna iya ɗauka shiru babu ƙara. Mazauni mai ƙafa uku yana da amfani ga manyan gilasai.

Saitin kyamara

Abubuwa uku ke ƙayyade hasken hoto: tsawon lokacin da labule ke buɗe, faɗin kafar haske a cikin gilashi, da lambar ISO, wato yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da sensa ta karɓa. A hoton tsuntsu labule ake fara yanke wa hukunci, sauran biyun su biyo. Tsuntsu a zaune yakan fito da kyau a 1/250 zuwa 1/500 na sakan, babba mai shawagi a wajen 1/1000 zuwa 1/1600, ƙanana masu saurin fiffike kamar tsattsewa kuwa 1/2500 zuwa sama. Na'urar rage rawar hannu tana gyara motsin mai ɗauka ne kawai, ba ruwanta da motsin tsuntsu, kuma nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa.

Misali, zalɓe na tsaye a bakin ruwa da sassafe, kyamara na kan 1/500, f/5.6, ISO 800. Idan ya tashi ana bukatar 1/2000, wato hasken ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kafar haske ta riga ta buɗe iyakarta, don haka ISO ce za ta hau zuwa 3200. Hoton zai yi ɗige-ɗige kamar yashi, amma wannan manhaja na iya rage shi, dishi-dishin motsi kuwa ba shi da magani. Saboda irin wannan sauyi na farat ɗaya da yawa suke kafa labule da kafar haske da hannu, su bar kyamara ta zaɓi ISO.

Dogon gilashi yana taƙaita zurfin abin da ke fitowa sarai. Da 600 a f/5.6, tsuntsu na nisan mita 5, abin da zai fito tas bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Idan saitin ya faɗa kan fiffike, ido ya tafi. Don haka ido ake aunawa, a kan rage kafar zuwa f/8 in haske ya isa. Ga mai motsi ana amfani da saiti mai bi, wanda Canon ke kira Servo, Nikon da Sony kuma AF-C, tare da ɗauka a jere.

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki, shi ya sa yake kuskure a wurare biyu. Shaho a sararin sama mai haske yakan fito baƙi ƙirin sai an ƙara haske mataki 1 zuwa 2 (kowane mataki yana ninka hasken biyu). Balbela a gaban duhun ganye kuma takan ƙone fari fat, gashinta ya ɓace, sai an rage. Ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanye yadda sensa ta karɓe shi, yana ba da damar gyara fiye da tsarin JPEG da aka saba, amma farin da ya ƙone gaba ɗaya ba ya dawowa.

A fili

Hasken safiya da na la'asar sakaliya ya fi, rana a bayan mai ɗauka. Da tsakar rana zafin da ke tashi daga ƙasa yana karkaɗa iska, hoton nesa ya lalace komai tsadar gilashi. Tsuntsaye suna tashi suna sauka ne suna fuskantar iska, don haka wanda iska ke bugun bayansa zai samu fuska maimakon wutsiya. Sauka daidai tsayin idon tsuntsu yana nisanta abin da ke bayansa ya narke. Zama wuri ɗaya a jira ya fi bi.

Doka da saɓani

A Birtaniya, dokar namun daji da karkara ta 1981 ta haramta damun wasu tsuntsaye da aka lissafa a sheƙarsu, kuma ɗaukar su a can sai da lasisi. A Amurka dokar 1918 tana kare tsuntsaye masu ƙaura da sheƙunsu, ta 1940 kuma tana kare mikiya. Ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye da dama yanzu ba sa ƙarfafa hoton sheƙa, domin tsuntsu na iya gudu ya bar ƙwai, ko sawun mutum ya nuna wa maharan daji hanya.

Ana saɓani a kan kunna kukan tsuntsu a lasifika don janyo shi, da jefa wa mujiya ɓera don ta sauko. Wasu gandun daji sun hana na farko, gasa da yawa ba sa karɓar na biyu. Haka kuma ba a daidaita ba a kan iyakar gyaran hoto a kwamfuta.

Amfani ga bincike

Kwamitocin tantance tsuntsayen da ba a saba gani ba sun fi dogara da hoto yanzu fiye da bayanin baki. Shirin eBird, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe a 2002, yana karɓar hotunan 'yan sha'awa ya adana su a ɗakin ajiya na Macaulay, kuma da su aka horar da manhajar Merlin mai gane tsuntsu daga hoto. A 2022 kyamarar tarko, wadda ake ɗanawa ta ɗauki hoto da kanta idan ta ga motsi, a tsibirin Fergusson na Papuwa Sabuwar Gini ta ɗauki wata babbar kurciyar ƙasa da masana ba su sake samun shaidarta ba tun 1882. Gajeren bidiyon da aka ɗauka a jihar Arkansas a 2004, wanda wasu suka ce na wani babban maƙwaƙwafi ne mai farin baki da ake zaton ya ƙare, har yanzu masana ba su yarda da juna a kansa ba.