Mene ne "Nada" a Yoga? Sautin da ake saurara bayan an toshe kunne

Duk wanda ya ɗan bi bayanan yoga, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta a 2015, zai ci karo da kalmar "nada" ko "nada yoga". Yawanci ana liƙa ta ne a kan waƙoƙin sanyaya zuciya da ƙarar kwanonin tagulla. A wurin masu abin a Indiya kuwa, ma'anarta ta fi haka zurfi, kuma ba ta da alaƙa sosai da kiɗan da ake kunna wa mutum.

Nada kalmar Sanskirit ce, tsohon harshen Indiya, tana nufin sauti. Malaman yoga sun raba sauti gida biyu. Akwai "ahata", wanda ke fitowa idan abu ya bugi abu: tafi, ganga, murya, iska a cikin sarewa. Akwai kuma "anahata", wanda suka ce babu abin da ya bugi wani kafin ya fito, yana nan cikin mutum kullum, hayaniyar waje da ta tunani ce ke danne shi. Nada yoga ita ce horon sauraron wannan na biyun.

Bayani mafi shahara a kan haka yana cikin Hatha Yoga Pradipika, littafin da Swatmarama ya rubuta a wajajen ƙarni na 15, a babinsa na huɗu. Marubucin ya ce hanyoyin narkar da tunani sun kai miliyan 12 da rabi, amma sauraron nada ne kan gaba, kuma ya ce ko wanda bai iya zurfafa cikin ilimin falsafa ba zai iya binsa. Yadda ake yi ba shi da wuyar faɗa. Mutum ya zauna daram, ya toshe kunnuwansa, a cikakken tsarin har da idanu da hanci da baki, sannan ya mai da hankalinsa ga abin da yake ji ta kunnen dama. Littafin ya ce wanda ya dage, cikin mako biyu zai rinjayi abubuwan da ke ɗauke masa hankali.

Me ake ji? Da farko sautuka masu kauri: rurin teku, rugugin cida, babbar ganga. A tsakiya sai ƙaramar ganga, busar ƙahon teku, ƙararrawa. Daga ƙarshe sai masu laushi ƙwarai, kamar ƙananan ƙararrawa, sarewa, tsirkiyar "bina" wadda Indiyawa ke kaɗawa, da kukan ƙudan zuma. Umarnin shi ne kada a tsaya kan mai ƙarfi, a riƙa neman mai siriri da ke ɓoye a bayansa. Idan hankali ya gaji ya nemi yawo, a bar shi ya yi ta kaiwa da komowa tsakanin mai kauri da mai siriri, muddin bai fita daga sautin ba.

A nan, a ganina, hikimar abin take. Waɗannan mutane sun san cewa hankali ba ya tsayawa don an ce masa ya tsaya. Don haka ba su yi faɗa da shi ba, sai suka ba shi abin da zai shagala da shi. Swatmarama ya kamanta hankali da giwa mai maye da ke ɓarna a lambun sha'awa, nada kuma ita ce ƙugiyar da mai giwa ke juya ta da ita. Ya kuma kawo misalin ƙudan zuma da idan ya duƙufa shan ruwan fure ba ya damuwa da ƙamshin furen. Sautin dai abin riƙo ne, ba shi ne abin nema ba.

Matakan wannan horo huɗu ne, an ɗaure su da wurare a jiki, uku daga cikinsu kuma kowanne da wani "ƙulli" da suka yi imani yana tare hanyar numfashin rai. Na farko "arambha", wato farawa: ƙullin da ke zuciya, wanda suka sa wa sunan Brahma, ya warware, sai a ji sauti mai kama da na ƙananan ƙararrawa, mutum ya ji wani irin farin ciki. Na biyu "ghata", a maƙogwaro, inda ƙullin Bishnu yake, sautin kuwa na babbar ganga. Na uku "parichaya", wato sabo ko sanayya, sautin ya hau tsakanin gira. Na huɗu "nishpatti", cika, inda ƙullin Rudra ya warware, a ji sarewa da tsirkiya, hankali ya dunƙule wuri ɗaya.

Mai karatu zai lura cewa jerin sautukan nan bai yi daidai ƙwarai da na farko ba, domin a nan an fara da siriri kafin ganga. Wani littafin, Hamsa Upanishad, ya lissafa sautuka 10 ya ƙare da tsawa. Wannan saɓani ya nuna cewa matakan ba ma'aunin sautin ba ne, ma'aunin mai sauraro ne: da farko yana jin abu a matsayin baƙo, sannan ya saba da shi, sannan ya daina jin cewa akwai shi daban akwai sautin daban. Kuma ko nan ba ƙarshe ba ne. Littafin Swatmarama ya ce muddin ana jin sauti, to da sauran tafiya. Abin da ake nufa shi ne halin da babu sauti, wanda suke kira "unmani", inda mai yoga yake zama kamar gungume, ko an busa ƙaho a gabansa ba ya ji.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan ba motsa jiki ba ne kawai. Tushensa aƙidar Hindu ce, wadda ke ɗaukar sauti a matsayin asalin halitta, kuma sunayen ƙullin uku sunayen abin bautarsu ne. Wanda ya tallata nada yoga a matsayin maganin gajiya kurum ya rage mata, ya kuma ɓoye wa mai sauraronsa abin da ya kamata ya sani kafin ya yanke shawara. Ra'ayin ya kuma ƙetara iyakar Hindu a can Indiya. Kabir, wani tsohon mawaƙin addini na Indiya, ya yi ta ambaton "anhad", wato anahata, littafin addinin Sikh ma haka, ƙungiyar Radhasoami da aka kafa a Agra a 1861 ta gina ibadarta a kansa. Dara Shikoh, ɗan Shah Jahan, sarkin daular Musulmi ta Mughal a Indiya, ya rubuta a ƙarni na 17 cewa wannan sauti shi ne abin da wasu sufaye ke kira "sulɗanul azkar". Wannan fahimtarsa ce, kuma malaman zamaninsa da dama ba su yarda da irin haɗin da yake yi tsakanin Musulunci da addinin Hindu ba.

Sai batun lafiya. Duk wanda ya toshe kunne a wuri shiru zai ji wani abu, domin jiki ba ya shiru: jini na gudu, tsokoki na motsi, jijiyoyin ji na aiki. Masu yoga suna fassara abin ta fuskar ruhi, likitoci ta fuskar jiki. Amma ƙarar kunne da ke zuwa ba a neme ta ba, ta hana barci, ko ta zo da jiri ko raguwar ji, ko take bugawa tare da bugun zuciya, wannan ba wani mataki ba ne na wayewar ruhi. Tana iya zama alamar lalacewar ji saboda yawan hayaniya, ko hawan jini, ko illar wasu magunguna, kuma wurin likitan kunne ya kamata a kai ta.