Cliveden: Tarihin Gidan da Masu Mallakarsa

Cliveden babban gidan sarauta ne na karkara a gundumar Buckinghamshire ta Ingila, yana bisa tudu mai kallon kogin Thames, kusa da garin Maidenhead. Ginin da ke tsaye a yau shi ne na uku a wannan wuri, domin gobara ta cinye biyun farko. Gidaje irinsa sukan zauna a hannun zuriya ɗaya ƙarni bayan ƙarni, amma shi Cliveden an yi ta sayar da shi, kuma da yawa daga waɗanda suka saye shi suna cikin mafi arzikin mutanen zamaninsu. Saboda haka jerin masu gidan yana nuna inda dukiya da iko suka riƙa komawa a Birtaniya cikin shekaru sama da 350.

George Villiers, Duke na Buckingham na biyu kuma na hannun daman Sarki Charles na II, shi ya fara ginin a 1666, da William Winde a matsayin mai zanen gini. Daɓen da aka ɗora gidan a kai, mai jerin bakuna, har yanzu yana nan. Buckingham ya rasu a 1687, kuma a 1696 George Hamilton, Earl na Orkney, babban hafsan soja, ya sayi gidan. Da yake bai bar ɗa namiji ba, gado ya bi ta kan mata, har mata uku a jere suka riƙe sarautar Orkney da gidan. A tsakanin 1737 da 1751 an ba da hayarsa ga Yarima Frederick, magajin gadon sarauta, wanda ɗansa ya zama Sarki George na III. A harabar gidan ne aka fara rera waƙar kishin ƙasa ta "Rule, Britannia!" a 1740.

Gobarar 1795 ta lashe tsakiyar ginin, ya zauna kango kusan shekara talatin, sai a 1824 Sir George Warrender ya saya ya sake ginawa. Bayan rasuwarsa a 1849 Duke na Sutherland na biyu ya saye shi, amma kafin shekarar ta ƙare wuta ta sake tashi. An ruwaito cewa Sarauniya Victoria ta hango hayaƙin daga fadar Windsor ta aika da masu kashe gobara. Sutherland ya ɗauko Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokoki a Landan, shi kuwa ya kammala gidan da ake gani yanzu a 1851, bisa salon fadojin Italiya. Uwargidan Sutherland, Harriet, aminiyar Sarauniya ce, kuma a zamaninta gidan ya zama matattarar manyan 'yan siyasa irin su William Gladstone. Yana da kyau a tuna cewa sunan wannan iyali yana haɗe da korar manoma talakawa daga filayensu a arewacin Scotland domin a saki tumaki, abin da har yau ake tunawa da shi da ɗaci. Da Harriet ta rasu a 1868, gidan ya koma ga surukinta Hugh Grosvenor, wanda daga baya ya zama Duke na Westminster na farko, mai dukiyar da ta fito daga hayar filaye a unguwannin Mayfair da Belgravia.

Babban sauyi ya zo a 1893, lokacin da attajirin Amurka William Waldorf Astor ya sayi gidan a kan kuɗi sama da dala miliyan ɗaya. A wannan zamani kuɗin shigar masu gonaki a Ingila ya faɗi saboda arhar hatsin da ake shigowa da shi daga waje, kuma baƙi masu kuɗin kasuwanci ne ke iya ɗaukar nauyin irin wannan gida. Astor ya kewaye filin da katanga, ya sauya fasalin cikin gidan, ya kuma sayo shingen dutse daga lambun Villa Borghese a birnin Roma ya kafa a ƙasan daɓen. A 1906 ya ba ɗansa Waldorf gidan a matsayin gudummawar aurensa da Nancy Langhorne, 'yar jihar Virginia, wadda a 1919 ta zama mace ta farko da ta zauna a kujerar Majalisar Wakilai ta Birtaniya. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta buɗe asibitin sojoji a harabar gidan, kuma maƙabartar waɗanda suka rasu a can tana cikin lambun. A 1937 ɗan jarida Claud Cockburn ya yayata laƙabin "Cliveden Set" a kan masu taruwa a gidan, yana zarginsu da goyon bayan sassauta wa Hitler. Masana tarihi sun saɓa kan girman tasirinsu, amma zargin ya bi sunan iyalin.

A 1942 Waldorf Astor ya miƙa gidan ga hukumar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, tare da asusun fam 250,000 na gyara, bisa sharaɗin iyalin su ci gaba da zama a ciki. Wannan tsari, wanda dokar 1937 ta share wa hanya, ya ceci gidaje da dama daga harajin gado mai nauyi, a shekarun da aka rushe ɗaruruwan irinsu. A watan Yulin 1961, a bakin tafkin wanka na gidan, ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da Christine Keeler, wadda ke da alaƙa da wani jami'in ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet. Ya yi wa majalisa ƙarya kan hulɗarsa da ita, ya yi murabus a watan Yunin 1963, abin da ya raunana gwamnatin Harold Macmillan. Mazaunin gidan na lokacin, Bill Astor, ɗan Waldorf, ya rasu a 1966, ba da daɗewa ba kuma iyalin suka tashi.

Jami'ar Stanford ta Amurka ta yi hayar gidan domin ɗalibanta daga 1969 zuwa 1983, sannan aka mayar da shi otal na alfarma. Kamfanoni daban-daban sun riƙe hayar, har ta koma hannun kamfanin London & Regional Properties a 2012. Mallakar ginin da filinsa mai faɗin eka 376 tana hannun National Trust, wadda ke buɗe lambuna da dazuzzukan ga jama'a.