Yafiya ba ita ce mantuwa ba

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo ba ka ji ana cewa "a yafi juna" ba. Ɗan siyasa ya ci amanar jama'a, zaɓe ya ƙarato, sai ga shi yana neman yafiya. A coci ma haka. Matar da aminiyarta ta tona mata asiri, ko mutumin da wani dattijon ikilisiya ya cinye masa kuɗi, da zarar ya buɗe baki sai a toshe shi da "ai kai Kirista ne, ka yafe ka manta."

Wannan "ka manta" ɗin shi ke ƙona mini rai.

Kalmar Helenanci da aka fi fassarawa da yafiya a Sabon Alkawari ita ce afiyemi, ma'anarta saki, kamar yadda mai bin bashi yake sakin wanda yake bi. Shi ya sa a Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin bawan da ake binsa talanti 10,000, wato kuɗi mai ɗimbin yawa. Mai bin bashin yana sane da kowane kwabo, amma ya daina bi. Iyakar yafiya ke nan, kuma mutum ɗaya yana iya yinta a ɗakinsa, da kuka, tsakaninsa da Allah. Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Amana kuma gini ce, in ta rushe sai an sake aza tubali.

Dubi Yusufu, wanda masu wa'azi suke yawan jawowa. 'Yan'uwansa ne suka sayar da shi azurfa 20 yana ɗan shekara 17. A Masar ya raɗa wa ɗan farinsa suna Manassa, wai Allah ya mantar da shi wahalarsa da gidan ubansa. To, ya manta ɗin? Bayan shekara 20 da ɗoriya, da yunwa ta kawo su sayen hatsi, kallo ɗaya ya yi musu ya gane su. Bai rungume su ba. Ya yi musu magana da kaushi, ta bakin tafinta ma, ya ce su 'yan leƙen asiri ne, ya kulle su kwana uku, ya riƙe ɗayansu. Ya juya baya ya yi kuka, ya dawo ya ci gaba da gwajinsa. Da suka dawo karo na biyu ya sa aka cusa ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu, don ya ga ko za su yar da ƙaninsu kamar yadda suka yar da shi. Sai da Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da shi tun farko, ya ce a kama shi a madadin yaron, sannan Yusufu ya kori kowa daga ɗakin ya fashe da kuka har Masarawa suka ji.

A ganina zuciyarsa ta daɗe da sakin bashin, in ba haka ba da kai ya fille musu, ai ikon yana hannunsa. Ƙofar gidansa ce bai buɗe ba sai da ya ga sun sauya hali. Ko a Farawa 50, bayan rasuwar Yakubu, da suka zo suna rawar jiki, bai ce musu "ba komai" ba. Ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah ne ya juya ta alheri. Sa'an nan ya ce zai ciyar da su da 'ya'yansu.